Wasiƙun Zumunta Tsakanin Ingila da Ostareliya a Zamanin Da

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. In ɗan'uwanka yana wani gari, ka kan ɗauki sandarka ka tafi ka gaishe shi. In an yi masa haihuwa ka je suna, in an yi masa rasuwa ka je ta'aziyya. To, yaya za ka yi da ɗan'uwan da ya tafi inda ƙafa ba ta zuwa? A cikin wannan ɗan littafi za ka karanta labarin waɗansu mutane da wannan abu ya sama, watau mutanen Ingila da na Ailan waɗanda 'ya'yansu da ƙannensu suka ƙaura zuwa Ostareliya, ka ga yadda suka riƙe zumuntarsu da takarda da tawada.

1. Ƙasa Mai Nisa

Ostareliya babbar ƙasa ce, ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Daga Ingila zuwa can ta hanyar teku ya fi mil 12,000. Saboda tsananin nisa, in ana sanyi a Ingila can ana zafi, in gari ya waye a Landan can dare ya kusa yi. Ailan kuwa tsibiri ne yamma da Ingila, a zamanin da mu ke magana duk yana ƙarƙashin sarautar Ingila.

Tun Turawa ba su je ba akwai mutanen ƙasar, baƙaƙen fata, waɗanda kakanninsu suka zauna can shekaru dubbai masu yawa. Turawa suka karɓe musu ƙasa ba da yardarsu ba, da yawansu kuma suka halaka ta wurin cuta da bindiga. Ka riƙe wannan a zuciyarka, gama gonakin nan da za ka ji baƙi suna yabo cikin wasiƙunsu, ƙasar waɗannan mutane ce.

Waɗanda aka fara kaiwa 'yan sarƙa ne. A watan Mayu na shekara ta 1787 jirage 11 suka tashi daga Ingila, wani hafsa mai suna Arthur Phillip yana shugabansu, suna ɗauke da fursuna fiye da 700, da soja masu tsaronsu. Sai da suka yi wata 8 a hanya, kana suka sauka cikin Janairu na 1788, suka kafa garin da a ke kira Sidni. Daga wannan shekara zuwa 1868 an kai fursuna wajen 162,000. Bayansu 'yantattu suka bi, masu neman gona da aiki.

Mafi yawan waɗanda suka tafi, ko ɗaure ko sake, ba su ƙara ganin gida ba. Su ma sun san haka tun ran tashi. Waɗansu fursuna, kafin a shigar da su jirgi, su kan sami kwabo su goge shi har ya yi sumul, a zana sunansu a kai da 'yan kalmomin ban kwana, su bar wa uwa ko mata. Har yanzu akwai irin waɗannan kwabbai fiye da 300 a ajiye a gidan tarihi na ƙasar Ostareliya.

2. Jiran Jirgi

Mutanen farko da suka sauka Sidni sun sha jira irin wanda ba ka taɓa ji ba. Shekara ta 1788 ta wuce, 1789 ta wuce, ko jirgi ɗaya bai zo daga Ingila ba. Abinci ya yi ƙaranci, tufafi suka tsufa. Suka kafa sandar tuta bisa wani tudu a bakin teku, suka sa masu gadi su riƙa duban ruwa. Sai ran 3 ga Yuni 1790 aka ɗaga tuta, wani jirgi mai suna Lady Juliana ya shigo. Wani hafsan soja da ke wurin, Watkin Tench, ya rubuta yadda mata suka riƙa gudu gida gida da 'ya'yansu a hannu suna yi wa juna barka, da yadda aka riƙa buɗe wasiƙu hannu na rawa. A ran nan suka fara jin Sarkin Ingila ya yi ciwo mai tsanani har ya warke, mutanen Faransa kuma sun tayar wa sarkinsu tun bara. Ka lissafa ka gani, shekara 3 ke nan tun rabuwarsu da gida.

Da jirage suka yawaita jira ya ragu, amma bai ƙare ba. Jiragen wancan zamani ba su da inji. Dogayen itatuwa a ke kafa musu, a ɗaura manyan filafilai na ƙyalle mai kauri, iska ta tura su. Jirgi ya kan gangaro kudu ta tekun da ke yamma da ƙasashenmu na Afirka, ya wuce ƙarshen Afirka ta Kudu, sa'an nan ya juya gabas, iska mai ƙarfi da sanyi ta kore shi har Ostareliya. Wajen shekara ta 1840 tafiyan nan ta kan ci wata 4.

To, a ce wani tsoho a Ailan ya rubuta wa ɗansa a watan Janairu, yana tambaya ko a sayar da saniya a biya kuɗin gona. Wasiƙa ta isa Sidni a watan Mayu. In ɗan yana can cikin daji yana kiwon tumaki, sai ta ƙara makonni kafin ta same shi. Ya nemi mai rubutu, ya jira jirgin da zai koma, amsa ta iso a watan Nuwamba ko Disamba. Kafin nan an daɗe da sayar da saniya, ko kuwa mai gona ya kori tsohon. Saboda haka wanda ke karanta wasiƙa ya san labarin da ke hannunsa ya tsufa. Jaririn da aka ce an haifa watakila yana rarrafe, marar lafiyan da aka ce yana jin sauƙi watakila ya daɗe a kabari.

Da fari ma babu gidan waya a Sidni. In jirgi ya iso sai jama'a su yi ca a kansa, kowa ya ce a ba shi tasa. Macuta suka riƙa karɓar wasiƙu da ƙunshin kayan waɗansu da sunan ƙarya. Don a hana wannan, a shekara ta 1809 aka naɗa wani mutum, Isaac Nichols, wanda shi kansa da sarƙa aka kawo shi ƙasar, ya zama shi kaɗai ke hawa jirgi ya karɓo jakar wasiƙu. Ya kan kai su gidansa, ya buga sunayen masu su a jarida, kowa ya zo ya biya sule ɗaya ya karɓi tasa. Gidan nan nasa shi ne gidan waya na farko a Ostareliya.

3. Tsadar Wasiƙa

A kuɗin Ingila na wancan zamani kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Kafin shekara ta 1840 yawanci wanda aka aika wa wasiƙa shi ke biya, ba mai aikawa ba. Ana lissafin kuɗin bisa nisan hanya da yawan warƙar takarda. Wasiƙar da jirgi ya kawo daga ƙetare kwabo 8 ce, ban da kuɗin kai ta daga bakin teku zuwa garin mai ita. Kafin ta isa wani ƙauye a Ailan ta kan wuce sule. Leburan gona kuwa a Ailan ba ya samun sule a yini. Ka ga ke nan uwa ta kan ba da fiye da ladan yini guda don ta ji ɗanta yana da rai.

Tsada ta koya wa mutane dabara. Ba su sa wasiƙa cikin ambulan, gama shi ma a kan lissafa shi warƙa guda. Sai a ninke takardar, a ɗiga jan kaki a danne da hatimi, a rubuta adireshi a bayanta. In mai rubutu ya cika shafi magana ba ta ƙare ba, sai ya juya takardar a gicciye ya ci gaba da rubutu a kan na farko, layi ya ratsa layi kamar saƙar tabarma. Wanda ya saba ya kan karanta ba wuya, amma baƙo sai ya sha fama. Waɗansu kuma jarida su ke aikawa, don kuɗinta kaɗan ne. Ko ba a rubuta kome a ciki ba, da ganin hannun ɗansu a kan adireshi iyaye sun san yana nan.

A shekara ta 1840 wani mutum mai suna Rowland Hill ya sa aka gyara tsarin wasiƙu a Ingila. Aka mai da kuɗin wasiƙa kwabo ɗaya zuwa ko ina cikin ƙasar, mai aikawa ya biya. Aka fito da 'yar takarda mai danƙo, da hoton kan Sarauniya Biktoriya a bisa, wadda a ke mannawa don shaidar biya. Irinta ce mu ke kira kan sarki. Amma wasiƙar ƙetare ta daɗe da tsada. Sai a 1854 aka mai da ta Ostareliya sisi, watau kwabo 6.

4. Wanda Bai Iya Rubutu Ba

Kada ka zaci kowane Bature na wancan zamani ya iya karatu. Wajen shekara ta 1840, in an zo ɗaurin aure a Ingila aka ce ango da amarya su sa hannu a littafi, cikin maza uku ɗaya ba ya iya rubuta sunansa, cikin mata kuwa rabi, sai su yi alama kawai. A Ailan, ƙidayar 1841 ta nuna fiye da rabin mutane ba su iya karatu ko rubutu ba.

Irin waɗannan sai su tafi wurin malamin makaranta, ko limamin coci, ko wani maƙwabci, ko yaron da ya shiga makaranta, su faɗa ya rubuta. In amsa ta zo kuma su koma a karanta musu. Kai ma watakila ka taɓa zama gaban mai rubuta wasiƙa, ka san yadda abin ya ke. Akwai maganar da ba ka iya faɗa a gaban wani. Matar da mijinta ke Sidni ba ta iya gaya wa limami duk abin da ke zuciyarta. Mutumin da ya ci bashi ba ya so maƙwabci ya sani. Mai rubutu kuma wani lokaci ya kan ƙara tasa, ko ya rage abin da bai gamshe shi ba.

Ban da wannan, wasiƙar Ostareliya ba ta mutum ɗaya ba ce. Ran da ta iso maƙwabta su kan taru da dare a bakin murhu, a karanta da ƙarfi kowa ya ji, gobe a kai ta gidan gwaggo, jibi a kai ta wani ƙauye, har ta yage a wurin ninki. Mai rubutu ya san haka, saboda haka ya kan auna maganarsa, ya kuma jera gaisuwa sunan kowa da kowa, gama wanda aka manta zai riƙe abin a rai.

Ga labarin wata mace da ya kamata ka sani. Sunanta Margaret Catchpole, baranya ce a wani gida a gabashin Ingila. A shekara ta 1797 ta saci dokin maigidanta, aka ɗaure ta, ta tsere daga kurkuku, aka sāke kama ta, aka kai ta Ostareliya a 1801. Ba ta yi zurfi a makaranta ba. Yadda kalma ta faɗa mata a kunne haka ta ke rubuta ta, malamin Ingilishi in ya gani sai ya riƙe baki. Duk da haka ba ta fasa ba. Ta riƙa rubuta wa kawunta da matarsa, da uwargidan da ta yi wa aiki, tana ba su labarin tsadar kaya, da halin mutane, da rigyawar da kogin Hawkesbury ya yi a 1806 da 1809. Ta zama ungozoma, aka yafe mata laifinta a 1814, ta rasu can a 1819, ba ta koma gida ba. Yau wasiƙun nan nata suna ajiye a manyan ɗakunan littattafai na Ostareliya, masana tarihi suna darajanta su ƙwarai, ba wanda ya damu da kuskuren baƙaƙenta.

5. Abin da ke Cikin Wasiƙu

Wani masanin tarihi, David Fitzpatrick, ya tattara wasiƙa 111 waɗanda talakawan Ailan suka yi wa juna tsakanin gida da Ostareliya daga 1843 zuwa 1906, ya buga su cikin littafi a 1994. In ka duba irin waɗannan wasiƙu za ka tarar kusan duk tafarkinsu ɗaya. A kan fara da fatan wasiƙa ta sami mai karɓa lafiya kamar yadda ta bar mai aikawa, a gode wa Allah. Sa'an nan a faɗi ran da wasiƙar baya ta iso. Kana a shiga labari. A ƙarshe a jera gaisuwa, a roƙi amsa da jirgi na gaba.

Na Ostareliya ya kan faɗi ladan aiki, da kuɗin alkama da shayi da takalmi, don na gida su gwada da nasu. Ya kan faɗi abubuwan mamaki, kamar bukin Kirsimeti cikin tsananin zafi, da itatuwan da ba su zub da ganye, da wutar daji. Abin da ya fi ba na gida mamaki shi ne nama. Talakan Ailan dankalin Turawa ne abincinsa safe da yamma, nama sai ran buki. A Ostareliya kuwa tumaki sun yi yawa har lebura yana cin nama kullum. Ya kan kuma ba da labarin 'yan garinsu da ya gamu da su, wane ya yi aure, wane ya sayi gona, wane giya ta lalata shi. Ta haka wasiƙa ɗaya ta kan kai labari gida goma.

Na gida kuwa ya kan faɗi yadda amfanin gona ya yi, da kuɗin da mai ƙasa ya ɗora, da wanda ya mutu, da wanda aka haifa aka sa masa sunan matafiyin. A kan sa 'yan abubuwa a ciki, kamar silin gashin jariri, ko irin shuka, ko busasshen ganye daga bakin ƙofar gida. Bayan 1860, da hoto ya yi araha, sai aka riƙa aika hoto, tsohuwa ta ga fuskar jikokin da ba za ta taɓa goyawa ba.

Amma ka sani, labarin zuciya a tambayi fuska, wasiƙa kuwa ba ta da fuska. Wanda ya sami arziki ya kan rubuta da yawa, wanda ya tsiyace ya kan ji kunya ya yi shiru, ko ya faɗi rabin gaskiya. Iyaye su ma su kan ɓoye wahalarsu don kada su tayar wa ɗa hankali, ko kuwa su ƙara mata gishiri don ya aiko da kuɗi. Mai hankali ya kan duba abin da aka faɗa, ya kuma lura da abin da aka tsallake.

6. Kuɗi da Kira

Ba gaisuwa kaɗai wasiƙa ke ɗauka ba, har da abin rufin asiri. Daga 1845 cuta ta faɗa wa dankalin Ailan shekara bisa shekara, aka yi yunwa mai tsanani har wajen 1852. Mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan kuma suka bar ƙasar. Yawancinsu Amurka suka nufa don ta fi kusa, amma waɗansu Ostareliya. Tsakanin 1848 da 1850 an kwashi 'yammata marayu fiye da 4,000 daga gidajen gajiyayyu aka kai su can. A irin wannan lokaci fam 2 ko 3 cikin wasiƙa ya kan tsai da gida.

Aika kuɗi kuwa sai da dabara, gama jirgi ya kan nutse, hannu kuma ya kan yi tsawo a hanya. Mai aikawa ya kan biya a banki a ba shi takardar shaida iri ɗaya guda biyu, ya sa kowace a jirgi dabam, wadda ta riga isa a karɓi kuɗi da ita, ɗayar ta mutu. Waɗansu su kan yanke takardar kuɗi biyu, su aika rabi, sai sun ji ya isa kana su aika sauran.

Babban aikin wasiƙa shi ne kira. Tun daga 1848 gwamnatin Sidni ta yi doka, mazaunin ƙasar yana iya biyan wani kashi na kuɗin jirgi, ya ba da sunan ɗan'uwansa na gida, gwamnati ta cika sauran. A ba shi takardar shaida, ya sa cikin wasiƙa ya aika. Wa ya kira ƙane, ƙane ya kira ƙanwa, ita kuma ta kira ɗan kawu, har ka tarar da rabin wani ƙauyen Ailan sun taru a gari ɗaya a Ostareliya. Masu hankali cikinsu ba su cika matsa wa kowa ya zo ba. Su kan faɗi daɗin da wuyar, su ce mutum ya zaɓa da kansa, don kada gobe ya ce an ruɗe shi.

Wata mace mai suna Caroline Chisholm ta gane ƙarfin wannan abu. Ta isa Sidni a 1838, ta yi shekaru tana nema wa baƙi masauki da aiki. Ta bi gonaki tana rubuta labarin mazauna daga bakinsu, har fiye da 600. A 1846 ta koma Ingila, ta yi ta kai da kawowa har gwamnati ta yarda ta kai matan waɗansu tsofaffin fursuna da 'ya'yansu wurin mazansu kyauta. A 1849 ta kafa jam'iyyar ba da rance don iyali su tafi tare. Shahararren marubucin nan Charles Dickens ya buga waɗansu wasiƙun da ta kawo masa cikin mujallarsa a 1850, mutane da yawa suka karanta.

Sa'an nan a 1851 aka sami zinariya a Bathurst da Ballarat da Bendigo. Labari ya isa Ingila, har waɗansu wasiƙu da ɗan garin zinariya a ƙunshe a ciki. Gani ya kori ji. Cikin shekara 10 Turawan Ostareliya suka tashi daga wajen 430,000 suka wuce 1,100,000.

7. Shiru

Abin da kowa ya fi tsoro shi ne shiru. In shekara ta wuce ba wasiƙa, uwa ba ta san ko ɗanta ya mutu ba, ko ya yi fushi, ko takardar ce ta ɓace. Don haka masu lura su kan sa wa wasiƙunsu lamba, ta 1, ta 2, ta 3, in ɗaya ta faɗi a hanya a gane.

Wasiƙu kuwa suna ɓacewa. Masu haƙar zinariya ba su zama wuri ɗaya, yau suna wannan rafi gobe sun ji labarin wani. Wasiƙunsu su tsibu a gidan waya, gwamnati ta riƙa buga dogon jerin sunayen waɗanda ba su zo sun karɓa ba. Jaridun Melbon kuma suna da wuri musamman na cigiya, inda wa ke neman ƙane, mata ke neman miji, a faɗi garinsu da jirgin da ya kawo shi. A 1862 jirgin wasiƙu mai suna Colombo ya fashe a wani tsibiri kusa da Indiya. Aka tsamo jakunkuna daga ruwa, aka shanya, aka buga wa kowace wasiƙa hatimi mai nuna daga fasasshen jirgi ta fito, aka kai wa masu su ko da ya ke tawada ta jiƙe.

Wani lokaci ma mutumin ne ba ya isowa. A watan Agusta na 1859 jirgin Royal Charter ya taso daga Melbon cike da masu komawa gida da zinariyarsu. A watan Oktoba, saura tafiyar 'yan sa'o'i su isa Libaful hadiri ya buga shi a kan duwatsu, mutum wajen 450 suka halaka. Limamin cocin ƙauyen da ke kusa, Stephen Roose Hughes, shi ya tattara gawawwaki, ya kuma rubuta wasiƙa fiye da 1,000 yana amsa wa dangin mamatan.

In rasuwa za a sanar, a kan rubuta a takarda mai baƙin gefe, a rufe da baƙin kaki. Tun masinja bai miƙa ba mai gida ya san abin da ke ciki, saura ya ji ko wane ne. Ya yi makoki shi kaɗai, wata 4 bayan an tashi daga zaman makoki a gida.

Shiru ya kashe aure da yawa. Dokar Ingila ba ta hukunta wanda ya sāke aure in abokin zamansa ya shekara 7 ba a ji ɗuriyarsa ba. Maza da yawa a Ostareliya suka yi sabon iyali, mata da yawa a gida suka gaji da jira. Ba kullum mugunta ce ta jawo haka ba. Sau da yawa rashin mai rubutu ne, da rashin sisin kan sarki, da cewa sai jirgi na gaba, har kunya ta hana a fara.

8. Nesa Ta Matso

Sannu a hankali hanya ta gajarta. A 1852 wani jirgi mai filafilai, Marco Polo, ya tafi daga Libaful zuwa Melbon cikin kwana 68. A wannan shekara kuma jirage masu inji suka fara kai wasiƙu. Aka riƙa bi da su ta Masar, a sauke a Iskandariya, a ratsa ƙasa zuwa Suwes, da fari a kan raƙuma, daga baya a jirgin ƙasa, sa'an nan wani jirgi ya ɗauka ta Bahar Maliya. Wasiƙa ta koma isa cikin kamar kwana 50, sau ɗaya kowane wata. Ran da jirgin wasiƙu ya iso a kan ɗaga tuta, gari duk ya nufi gidan waya. A 1869 aka buɗe mashigin ruwa na Suwes.

A 1872 aka gama ja wayar tangaraho ta tsakiyar hamadar Ostareliya, wajen mil 2,000, aka haɗa ta da wadda ta bi ƙarƙashin teku. Saƙo ya koma isa Landan cikin sa'o'i. Amma kalma 20 ta fi fam 9, saboda haka ta zama ta gwamnati da attajirai da masu jarida, talaka yana nan da takardarsa. Kuɗin wasiƙa ya sauko zuwa kwabo biyu da rabi a 1891, ya koma kwabo ɗaya daga Ingila a 1905. A ƙarshen 1934 jirgin sama ya fara ɗaukar wasiƙu a kai a kai, tafiyar da ta ci wa mutanen farko wata 8 ta koma ƙasa da mako 2.

9. Abin da Za Ka Ɗauka

Kai mai karatu, da wuya a ce ba ka da wani naka a nesa. Mutanenmu sun daɗe suna tafiya, waɗansu sun bi fataucin goro sun zauna Kumasi, waɗansu sun kama hanyar Makka sun tsaya Sudan har sun yi jikoki. Yanzu da ka iya karatu da rubutu, ba sai ka kai asirinka gaban wani ba.

In za ka rubuta, ka koyi da mutanen nan. Ka sa kwanan wata da sunan garin da ka ke. Ka faɗi wasiƙar da ta zo maka da ran da ta iso. In ka sa kuɗi, ka faɗi nawa ne da hanyar da ka aiko su. In ka tashi daga wuri, ka sanar da sabon adireshinka tun ba ka tashi ba. Ka faɗi gaskiyar halinka, ko da daɗi ko ba daɗi, kada wani ya sayar da gonarsa ya biyo ka bisa labarin da ka ƙawata. Ka gai da kowa da sunansa. Kada ka jira sai ka yi arziki kana ka rubuta, kada kuma ka ce hannunka bai yi kyau ba tukuna. Tsohuwar da ke jira a gida ba kyan baƙaƙe ta ke nema ba, so ta ke ta ji kana nan lafiya. Allah ya bar zumunci.